Tarihin Rayuwar Sidney Poitier, Kashi Na 5: Ranar Da Ya Koma Bayan Kyamara

Makon jiya mun rabu a 1967, shekarar da Sidney Poitier, ɗan manomin tumatir daga tsibirin Cat na ƙasar Bahamas, ya fito a finafinai uku a jere, kowannensu ya cika gidajen silima a Amurka. Yaron da ya taɓa wanke kwanuka a gidajen abinci na New York, wanda wani dattijo mai raba abinci ya riƙa zaunar da shi da dare yana koya masa karatu da jarida, ga shi nan da kyautar Oscar tun 1964, baƙar fata na farko da ya ci ta a matsayin babban jarumi. Mai kallo daga nesa sai ya ce ai kakarsa ta yanke saƙa.

Amma daga cikin gida wutar ta taso. A watan Satumba na wannan shekarar, wani marubucin wasan kwaikwayo baƙar fata, Clifford Mason, ya yi rubutu a jaridar New York Times yana tambayar dalilin da ya sa fararen Amurka ke ƙaunar Poitier haka. Zarginsa shi ne kullum likita ne, ko malami, ko ɗan sanda mai tsaftataccen kwat, yana warware wa Turawa matsalarsu, ba ya fushi irin na mutanensa. Ni dai duk lokacin da na zo wannan gaɓar sai zuciyata ta sosu. Wannan fa mutumin ne da shi da amininsa mawaƙi Harry Belafonte suka ɗauki kuɗi a jaka a 1964 suka kai wa masu fafutukar 'yancin zaɓe a Greenwood ta jihar Mississippi, 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin jinin baƙaƙe, suka bi su da mota cikin dare. Shi ne kuma a fim ɗin In the Heat of the Night ya rama marin da wani attajiri farar fata ya yi masa, nan take, abin da masu kallo ba su saba gani ba. Sai dai maganar Mason ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Labarin wasu ne suke rubutawa, wasu ne suke zuba kuɗi, wasu ne suke cewa a ɗauka ko a yanke. Jarumi komai girmansa da bazar wani yake rawa.

Ranar 4 ga Afrilu 1968 aka harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, a Memphis. Birane suka kama da wuta, matasan baƙar fata suka daina sauraron zancen haƙuri. Ko abotar Poitier da Belafonte sai da ta yi tsami a wannan tsakanin, suka jima ba sa magana. A 1969 Poitier ya haɗa kai da Paul Newman da Barbra Streisand suka kafa kamfanin First Artists, don jarumai su samu ta cewa a kan finafinansu.

Abin da ya sake haɗa shi da amininsa fim ɗin kaboyi ne, Buck and the Preacher. Duk wanda ya taso yana kallon finafinan kaboyi ya san yadda suke: farin mutum a kan doki, shi ne mai gaskiya, shi ne mai bindiga, baƙi kuwa kamar ba a halicce su ba a wancan zamanin. Alhali bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, dubban 'yantattun bayi sun kwashe iyalansu sun nufi yamma, musamman Kansas, suna neman ƙasar da za su noma da sunansu. Labarin nan ne fim ɗin ya ɗauko. Poitier ya fito a matsayin Buck, tsohon soja mai jagorantar ayarin kekunan doki, ga mahaya da masu gonakin Louisiana suka biya suna binsu suna ƙona musu kaya don su koma aikin gona. Belafonte ya fito a matsayin mai wa'azin bogi da ke ɓoye bindiga cikin Littafi Mai Tsarki, Ruby Dee kuma matar Buck.

Aka tafi Durango ta ƙasar Meziko ɗaukar fim a 1971, da darakta Joseph Sargent, ƙwararre a aikinsa. Kwanaki kaɗan da farawa, Poitier da Belafonte, waɗanda su ne masu shirya fim ɗin, suka ga ana ɗauko musu kaboyi na yau da kullum, abin da ke ransu game da kakanninsu bai fito ba. Aka sallami Sargent. Ga ma'aikata jibge a lokeshin, ga dawakai, ga kuɗin kamfanin Columbia na tafiya kowace safiya. Sai Poitier ya hau kujerar darakta da kansa.

Bai taɓa zuwa makarantar koyon ba da umarni ba. Abin da yake da shi shekara ashirin ne na tsayawa gaban kyamara tun fim ɗinsa na farko a 1950, yana lura da inda ake ajiye fitila da yadda ake lallaɓa jarumi har ya ba da abin da ake so. Yanzu sai ya tsara fitowa, ya hau doki ya yi wasansa, ya sauko ya tambayi mai kyamara yadda ta kasance. Abin da ya fi burge ni a fim ɗin shi ne yadda ya ɗauki 'yan asalin ƙasar Amurka, wato Indiyawan Amurka. A finafinan da aka saba, ihu suke yi ana harbe su kamar tsuntsaye. A nan shugabansu ya zauna ana ciniki da shi kan izinin ratsa ƙasarsa, yana kuma tuna wa Buck cewa rigar sojan da ya taɓa sakawa ita ce ta masu korarsu daga ƙasar kakanninsu.

Fim ɗin ya fito a 1972. Bai kawo kuɗi irin na 1967 ba, masu sharhi ma sun rabu a kansa. Amma Poitier ya ɗanɗana kujerar, kuma sai da ya ba da umarnin finafinai tara kafin ya ajiye. Abin da ba wanda ya zata shi ne mutumin da aka sani da kamewa zai juya ga barkwanci, har a 1980 ya haɗa Richard Pryor da Gene Wilder a fim ɗin da ya haura dala miliyan 100. Yadda aka yi haka, da abin da ya sa ya shekara kusan goma bai fito a fim ba, shi za mu ɗauko mako mai zuwa in Allah ya kai mu.