Coalbrookdale: Kwarin da ruwa ya ɗaga, ruwa ya kuma gaza masa

Coalbrookdale wani ƙuntataccen kwari ne a gundumar Shropshire ta Ingila, inda rafi ke gangarowa ya faɗa kogin Severn. Kwal, tama, dutsen farar ƙasa da yumɓu duk suna nan kusa da juna. A 1709 Abraham Darby ya hura wani tsohon tanderu a wurin, ya narka tama da gasasshen kwal maimakon gawayin itace.

Gasawar nan ita ce sirrin. Ɗanyen kwal yana da farar wuta, idan ta shiga ƙarfe sai ya riƙa tsagewa da zafinsa a kan uwar maƙera. Don haka ake tara kwal, a rufe shi, ya ci wuta a hankali ba iska sosai, har hayaƙi da kwalta su fice. Darby ya kuma yi sa'a, kwal ɗin yankin farar wutarsa kaɗan ce. Gasasshen kwal ya fi gawayi jure nauyi, ba ya murƙushewa ya toshe hanyar iska, shi ya sa aka iya ƙara wa tanderu tsawo.

Ta sama ake lodi: tama, kwal, farar ƙasa, bi da bi, dare da rana. Farar ƙasar ce ke kwashe datti ta zama kashin tama, ya taso saman narkakken ƙarfe a janye shi. Daga ƙasa manyan zugazugai biyu ke hurawa, wata babbar ƙafa mai kama da ta keke, wadda ruwan rafin ke juyawa, ita ce ke danna su. Matsalar ke nan. Rafin ƙarami ne, da rani madatsun da ke tara ruwansa kan janye, iska ta yi rauni. Tanderun da ya huce da kaya a ciki kuwa sai an fasa shi. A shekarun 1740 aka kafa injin tururi, aikinsa kawai ya mayar da ruwan da ya gangara zuwa madatsar sama.

Ƙarfen farko na zubi ne, tukwane marasa kauri da ake zubawa cikin yashi. Maƙera ba su karɓe shi sosai ba sai a shekarun 1750, lokacin da ɗan Darby ya gina tanderu a Horsehay da Ketley, kusa da kwarin. Jikan Darby ne ya zuba gadar ƙarfen da ta haye Severn a 1779, faɗin bakanta kusan mita 30, ta ci wajen tan 378. An haɗa gaɓoɓinta ne irin haɗin kafinta, wannan gaɓa ta shige cikin ramin waccan, don ba wanda ya taɓa yin irinta a ƙarfe.

Amma kogin bai da tabbas. Jiragen da ke dakon kayan kwarin kan yi makonni a ɗaure idan ruwa ya ja baya. Da injin tururi ya fara hura tanderu kai tsaye, zama a bakin rafi ya daina zama riba, kudancin Wales da Staffordshire suka wuce gaba, ga fili ga kwal mai yawa. An kashe tsohon tanderun Darby a 1818, na Blists Hill da ke kusa a 1912, gidan zubi na ƙarshe a kwarin ya rufe a 2017.

Gadar ma ta sha wuya. Gaɓar kogin na zamewa tana matse ta, ƙarfen zubi kuwa ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. An hana motoci hawa a 1934, a shekarun 1970 aka shimfiɗa dogarin kankare ƙarƙashin ruwa don riƙe ƙafafunta biyu.