Abin da aiki a sashen wankin ƙoda ya koya min

A makaranta an koya muna cewa hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma gaskiya ne. Amma a sashen wankin ƙoda a nan Sakkwato akwai wasu da nike gani da ba su shiga wanga lissafi ba, manomi ne ko lebura ko mai tura ruwa, ko arba'in bai kai ba, suga lafiya lau, jinin ma bai wani hau ba, amma ga kasala ga amai, a auna jini a tarar ƙoda ta riga ta tafi.

Ba mu kaɗai ba ne. Masu yankan rake a Nikaraguwa da manoman shinkafa a Siri Lanka sun daɗe suna fama da irin wagga cuta, a gida ma mutanen Gashuwa a Yobe sun sha kuka kan ciwon ƙoda. Abubuwan da masu bincike suka fi zargi: aiki cikin zafi ba isasshen ruwa, maganin feshi, gurɓataccen ruwan sha, da magungunan ciwon jiki.

To wallahi duk muna da su. A watan Afrilu zafinmu kan wuce digiri 40, mutum ya wuni a fadama yana ban ruwan albasa, ya yi feshi ba safar hannu ba takunkumi, jarkar maganin ma a ɗauraye ta a zuba ruwan sha, da dare jiki ya yi tsami ya je kemis ya sayi diklofenak ya kora da jiƙo, gobe ya koma. Ban ga laifinshi ba, in bai fita ba mi iyali za su ci? Ga kuma gubar dalma da anka gano a Zamfara a 2010 wajen haƙar zinari, ita ma tana cin ƙoda.

Shi ya sa yanzu ba ni tsayawa kan awon hawan jini da suga kawai, sai na tambaya, Baba mi ne sana'arka, ina kuke ɗibar ruwa, wane magani kake sha in jiki ya yi ciwo? Irin wagga cuta sau da yawa awon fitsari bai nuna ta da wuri, sai an yi gwajin jini na ƙoda, don haka nakan roƙi 'yan uwan da suka rako majinyaci, musamman waɗanda suke gona ɗaya da shi, su ma su tsaya a gwada su kafin su koma ƙauye.