Lahadi, kasuwar gwanjo

Yau York, nan Ingila, ta wayi gari babu ruwan sama, abin mamaki. Na sauke Fati a islamiyya na zarce kasuwar gwanjo.

Sa'a ta yi. Na samu wasu daga cikin katunan da suka rage mini a jerin Railway Engines (hotunan kawunan jiragen ƙasa da ake sakawa a kwalin taba) na kamfanin taba na Wills, na 1936, mai kati 50. Bayansu akwai gam, don a zamanin kwabo ɗaya za ka ba mai shagon taba ya ba ka littafin da za ka manna su. Shi ya sa wanda ba a taɓa mannawa ba yake wuyar samu, kuma waɗannan tas suke. Ɗaya kan jirgin kamfanin jiragen ƙasa na LNER ne, kore shar, irin waɗanda aka ƙera a Doncaster suka yi ta ratsa tashar garin nan.

Mai sayarwar dattijo ne, da sanda. Ya ce na babansa ne, wanda aikinsa zuba kwal a wutar jirgi. Na ce, "Baba, ashe mai son jirgi ne." Ya ce ina, mai son tabar Woodbine dai. Kati ɗaya ake sakawa a kwali, kuma sai ka yi ta samun wanda kake da shi kafin sabo ya fito. Na tambaye shi ko baban ya cika jerin kafin 1940, da yaƙi ya kawo ƙarancin takarda aka daina sakawa. Ya ce ya cika, har da ragowa. "Tari kuma bai bar shi ya ga aurena ba." Ya yi dariya, ya miƙo mini canji.

Ni dariyar ta ƙi zuwa. Tun a mota nake lissafin kwali nawa bawan Allahn nan ya zuƙe kafin hamsin ta cika. Zanen da nake yabo kullum, talla ce kawai, kuma ta yi aikinta.

Hajiya ta leƙa ambulan ta ce, "Malam, kai da ko warin taba ba ka so, ka cika mana durowa da kayanta." Ban tanka ba.

Tuwo da miyar kuka. Sadiq ya kira, maganar kuɗin haya ce dai. Gobe aikin safe.