Asabar a Kadif, babban birnin Wales: masu sulke da marasa sulke

Yau ba ni da aiki. Niyyata in yi wanki in kwanta, sai abokin aikina ɗan Wales ya bugo waya wai ƙanensa zai buga zari-ruga, wato rugby, da ƙarfe biyu da rabi, lallai in zo. Tun asuba ake yayyafin nan nasu na Nuwamba wanda ba ya yankewa. Na yi azahar, na jibga kayan sanyi na fita.

Ƙaramin kulob ne a bayan gari, kuma 'yan wasan duk masu sana'a ne: mai gyaran famfo, malamin makaranta, direban babbar mota. Mutum 15 kowane ɓangare, daga riga sai gajeren wando sai robar kare haƙora. Kafin a yi minti goma taɓo ya rufe su, ba ka gane kalar rigar kowa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne turereniyar da suke yi, takwas nan takwas can, a sunkuya a sarƙe kafaɗu a yi ta turi har ka ga tururi na tashi daga bayansu. Ƙanen abokina a sahun gaba yake. Kunnuwansa duk sun murɗe sun kumbura saboda shekarun guga, shi kuwa har alfahari yake da su.

Muna tare da wani abokin aikinmu Ba'amurke wanda ya buga ƙwallon Amurka a sakandare. Shi ya tayar da musun. Da aka kayar da wani a gabanmu, sai ya taɓe baki ya ce wannan ai runguma ce. Ɗan Wales ya ce to su ba sa shiga fili da sulke kamar masu tafiya yaƙi, kuma ba sa hutawa duk bayan daƙiƙa biyar. Daga nan har aka tashi wasa ba su bar juna ba, muka ƙarasa a ɗakin kulob, ni da kofin shayina a tsakiyarsu.

Kowa da gaskiyarsa. A zari-ruga minti 80 ake yi, kuma wanda ya kai hari shi ne zai juyo ya tsare gida. A manyan wasanni canji takwas ne kawai, wanda aka cire kuma yawanci ya fita ke nan. Ɗan Wales ya kawo misalin wasan ƙarshe na kofin duniya na 2023 a Paris, inda Afirka ta Kudu ta ci New Zealand 12 da 11, Pieter-Steph du Toit shi kaɗai ya kayar da mutum sau 28. Ka faɗi, ka tashi, ka ruga, ka sake faɗuwa, numfashi bai dawo ba. A ƙwallon Amurka kuwa agogo minti 60 ne, amma wasan kan ci awa uku, kuma lissafin da jaridar Wall Street Journal ta yi a 2010 ya nuna ainihin lokacin da ƙwallo ke motsi bai wuce minti 11 ba. Masu kai hari daban, masu tsaro daban, canji ba iyaka.

Sai dai hutun nan shi ne abin tsoron. Mutumin da ya huta, ya sha ruwa, nauyinsa ya kai kilo 140, in ya taso maka da dukkan ƙarfinsa yake tasowa. Dokar zari-ruga ta tilasta ka rungumo mutum da hannu, ba ka wuce kafaɗarsa, ba ka kayar da wanda ba shi da ƙwallo. A wancan wasan ƙarshe na 2023 ma jan kati aka ba kyaftin ɗin New Zealand, Sam Cane, don kafaɗarsa ta sami kan abokin karawa. A Amurka an yarda ka bangaje wanda bai riƙe komai ba don ka buɗe wa naka hanya, kuma 'yan sahun gaba duk zagaye sai sun gwabza, tamkar ragunan karo. Hular kwanon da suke sawa tana hana ƙoƙon kai fashewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki, ga shi tana ba mutum ƙarfin halin sa kai inda mai kai tsirara ba zai taɓa sawa ba. Na tuna musu cewa a 1905 aƙalla mutum 18 suka mutu a ƙwallon Amurka a shekara guda, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton ya ce a gyara. Ba'amurken ya yi murmushi kamar yabonsa na yi.

Da suka matsa in raba gardama, na ce in dai juriya ake nufi da tauri, ta 'yan zari-ruga ce, ban ga abin musu ba. In kuma ana maganar karo ɗaya da zai iya raba mutum da sana'arsa, na Amurka ya fi muni. Babu wanda ya gamsu. Ba'amurken ya ce siyasa na yi.

Na yi magariba tun kafin ƙarfe biyar, na dawo gida na ɗumama shinkafa. Da dare na kunna wasan jami'o'in Amurka don in gani da idona, talla ta fi wasan yawa, amma duk lokacin da aka haɗu sai ka ji ƙarar hula kamar an buga tukwane. Ina kallo ina tunanin Bennet Omalu, likitan nan ɗan asalin Anambra. Shi ne a 2002 ya binciki gawar Mike Webster, tsohon ɗan wasan Pittsburgh Steelers da ya rasu yana da shekara 50, ya gano lalacewar ƙwaƙwalwar da ake kira CTE, hukumar NFL, mai kula da babbar gasar ƙwallon Amurka, kuma ta daɗe tana ƙaryata shi. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111, suka sami cutar a 110, ko da yake iyalan da suka ba da ƙwaƙwalwar galibi waɗanda suka riga suka ga alamu ne. Su ma 'yan zari-ruga ba su tsira ba. Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya fito a 2020 yana da shekara 42 ya ce ba ya tuna ko wasa ɗaya na gasar, an tabbatar masa da cutar mantuwa. Shi da ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa sun kai hukumomin wasan kotu. Duk tsawon musun yau, cikin abokan nan nawa babu wanda ya ambaci wannan, ni ma ban so in ɓata musu shayi ba.

Wajen sha ɗaya Ba'amurken ya turo saƙo a zaurenmu na WhatsApp: Louis Rees-Zammit, gwanin gudun Wales, ya tafi NFL a farkon 2024, bai buga wasan gasa ko ɗaya ba, ya dawo zari-ruga a 2025. Ɗan Wales ya mayar masa da Jordan Mailata, wanda ya taso yana buga ɗaya nau'in zari-rugar mai mutum 13 a Ostireliya, bai taɓa wasan Amurka ba aka ɗauke shi a 2018, ya zo ya ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, da Philadelphia Eagles a 2025. Ya ƙara da cewa a turo musu ɗan NFL guda ya gwada minti 80 cikin taɓon yau. Na sa wayar a shiru, don aikin safe gare ni gobe kuma wankin yana nan ban taɓa ba.