Wasiƙa daga Ingila: matan da ke cikin talabijin

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna lafiya, yara lafiya, sanyi yana nan yana aikinsa. Gaisuwar ta tsaya nan, don tambaya ɗaya ce ta ishe ni a waya: "Anti, wai me kuke kallo a can? Kuna samun namu kuwa?" Ƙanwata ta yi, 'ya'yan makwabta sun yi, har Gwaggo da ba ta damu da kallo ba sai da ta sa aka tambaye ni. Na ce bari in amsa wa kowa lokaci guda in huta. In wuri ya rage zan taɓa maganar kuɗin haya da makarantar yara, kamar yadda na yi alkawari.

Kafin a zo ga abin da ake kallo, ku fara sanin cewa a nan kallon kansa lasisi ake yankar masa. Wallahi lasisi, kamar na tuƙi. Ka sayi talabijin da kuɗinka, ka biya wuta, ka biya intanet, sannan duk shekara ka biya kuɗin lasisi, wanda a Afrilun 2025 aka sa shi fam 174.50, muddin kana kallon abin da ake watsawa kai tsaye a kowace tasha. Da kuɗin ake tafiyar da BBC. Wanda aka kama yana kallo ba lasisi, tarar tana iya kaiwa fam 1,000. Makaho rabin kuɗi yake biya, kuma har yau akwai farashi daban na talabijin baƙi-da-fari, ko wa ke da ita oho. Satinmu na biyu a gidan nan wasiƙa ta faɗo ta ramin ƙofa, babu sunan kowa, "mazaunin gida" kawai aka rubuta, ana cewa za a iya turo mai dubawa. Maigida ya karanta sau uku a tsaye da rigar sanyi a jikinsa, ya ce, "Mu da ko kujera ba mu saya ba?" Sai daga baya muka gane cewa abin da aka riga aka ɗora a YouTube ba ya buƙatar lasisi. To ga amsarku: muna samun namu, kuma shi ne ba a caje mu a kansa.

Nasu kuwa a wurin aiki na san shi. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi a gefen Manchester, kuma da dare in lokacin Coronation Street ya yi, ko magani ka kawo sai ka jira. Tun 1960 ake wasan nan, ya haura kashi 10,000, akwai ma ɗan wasan da yake ciki tun kashin farko. Labarin layi ɗaya ne na talakawa, da shago da mashaya da gulma, kusan yadda Daɗin Kowa ya ɗauki gari guda. Abin da ya tsaya min a rai shi ne matan ciki. Tsofaffi ne da masu matsakaicin shekaru, wasu ba kyau ba kwalliya, masu baki kamar reza, su ke riƙe da shago, su ke yanke magana. In miji ya gudu, a yi kuka kashi ɗaya, kashi na gaba an buɗe shago.

Ran nan ina hutun rabin awa, na zauna kusa da wata tsohuwa da muke shiri, ina kallon wani shiri namu mai dogon zango a waya. Ta leƙo, ta gyara tabarau. Minti goma ba ta jin ko kalma, sai ta nuna jarumar da yatsa ta ce, me aka yi wa yarinyar nan take ta kuka? Na ce kishiya ce ta shiga tsakaninta da miji. Ta ce, to me za ta yi a kai? Na buɗe baki na rufe. Gaskiyar ita ce ba abin da za ta yi. Za ta yi haƙuri har kashi na arba'in, asiri ya karye da kansa, miji ya zo yana neman gafara, ta ce ba komai.

Ku lura da kyau, mace a yawancin shirye-shiryenmu ɗayan biyu ce: ko baiwar Allah mai hawaye a gefen gado, ko muguwa mai hanyar gidan boka, kishiya ko uwar miji ko ƙawa mai zuga. Wadda ta yi boko ta samu aiki, sai an nuna ta raina miji kafin a gama. A na barkwanci kuma aikinta masifa da tsintsiya. Ni dai ba waɗannan matan ne suka raine ni ba. Gwaggon nan da ta aiko tambaya, daga cikin gida take sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ita ke riƙe adashin unguwa a gwangwanin madara, da shi ta kai yara biyar makaranta bayan rasuwar mijinta, kuma in ta fara ba'a sai kun riƙe ciki. Tun da Arewa24 ta fara a 2014 an samu ci gaba a hoto da sauti, ba na musu, amma irin Gwaggo sai dai a gan ta ta wuce da tire a bayan jaruma. Masu rubuta labari, ku zauna a tsakar gidanku yini ɗaya da biro.

Kada ku ɗauka na sallama wa Turawa. A wasannin barkwancinsu uba ne abin dariya: bai iya dafa ƙwai ba, bai san ajin ɗansa ba, 'yar shekara goma tana gyara masa magana ana tafi. Ɗana ya kwashe da dariya a irin wannan wurin ya waiga ya kalli babansa, a ranar aka kashe talabijin da wuri. Mu ma muna dariyar maza, Samanja ya yi, Alhajin Gidan Badamasi da rowarsa ya yi, amma halin mutum ake yi wa dariya, ba kasancewarsa uba ba. Wannan kada mu yar.

Abu ɗaya nasu da na so: kafin ƙarfe 9 na dare ba a sa abin da bai dace da yara ba, ƙa'ida ce. Waya ba ta san ƙarfe 9 ba, don haka ƙanwata, in za ki ba su Ummi waya su kalli shiri, zauna tare da su, in jaruma ta fara kuka ki tambaye su me ya kamata ta yi.

Haya tana da tsada, makaranta kyauta ce, bayanin sai wani jiƙon. A ce wa Gwaggo yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.