Kunun Hajiya da zafin Garuwa

Wanda bai yi watan Maris a garin Garuwa na ƙasar Kamaru ba bai san zafi ba. Yau muna tsakiyar sujada aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, lasifika ta mutu. Fasto ya share gumi ya ci gaba da wa'azi da muryar da Allah ya ba shi. Mama kuwa takardar waƙoƙi ta mayar mafici, ni ina ta zare wa autana ido don ya daina lissafa kuɗin baikonsa da ƙarfi.

Wannan shekara ta 2025 azuminmu na kafin Ista ya haɗu da na maƙwabtanmu Musulmi. Da magariba sai ga yarinyar Hajiya da kwanon kunun gyaɗa da ƙosai, da ɗuminsu. Na ce, "Ki gaida Hajiya, Allah ya karɓi ibada." Shekara goma ke nan ba ta taɓa fashi ba, ko bana da sukari ya yi tsada har nake auna shi da cokali.

Mama ta ce kwano ba ya komawa wayam. Na duba kicin, mangwaro huɗu kawai na samu, ɗaya ma autan ya riga ya gatsa. Uku muka aika.