Ƙaton V-12 na Monino

Yau a gidan tarihin jiragen yaƙi na Monino, gabas da Mosko, na tsaya ƙarƙashin Mil V-12, jirgi mai saukar ungulu mafi girma da aka taɓa ƙerawa. Abin da ya riƙe min ido shi ne babu farfela a wutsiyarsa. Farfela biyu ne, ɗaya a ƙarshen kowane fiffike, faɗin kowace mita 35, suna juyawa saɓanin juna, don haka jirgin ba ya murɗewa. Injina huɗu ne ke juya su. Tunda bakunan farfelun na shiga hurumin juna, an haɗa su da sandar ƙarfe guda don kada su yi karo. A 1969 ya ɗaga kaya sama da tan 40, har yau ba a karya wannan tarihin ba.

Guda biyu kacal aka ƙera. Don jigilar manyan makamai masu linzami zuwa lungunan da ba hanya aka yi shi, sai sojojin Sobiyet suka sauya tsari, buƙatar ta wuce. Yanzu yana fili, ruwa da dusar ƙanƙara na cin fentinsa. Ni dai gani nake ya cancanci rumfa.